Na Haɗa wa Baba Keken Lantarki Ban Tambaye Shi Ba

Assalamu alaikum edita, da ku 'yan'uwa masu karatu. A shekarar da wannan abu ya faru ina ɗalibin digiri na uku a fannin injiniyan lantarki a wata jami'a da ke gabashin birnin Greensboro a Amurka, kuma in faɗa muku gaskiya, a lokacin ina ji da kaina. Duk abin da ke da waya da batir gani nake babu wanda ya kai ni saninsa. Muna zaune ni da matata a wani ɗan gidan haya a bayan Gate City Boulevard, motarmu ɗaya, ita ma tun safe nake ficewa da ita sai yamma. Matata na da cikin fari, sai muka yi ta fafutuka har mahaifina ya samu biza, don ya zo ya zauna da mu a haihu a gabansa, ya yi wa jikansa huɗuba da bakinsa. Mahaifiyata ta rasu, shi kaɗai ya rage mini, shi ya sa na ƙwallafa rai a kan wannan buri.

Baba tsohon malamin gona ne, rabin rayuwarsa a kan keke ya yi ta yana zaga ƙauyuka. Sati uku da zuwansa na ga ya fara ramewa, ba kuwa don rashin abinci ba, zaman ɗaki ne ke cinsa. Masallacin unguwa ba shi da nisa sosai, amma akwai wani dogon hawa a hanya, gwiwoyinsa kuma sun daina ɗaukar irin wannan. Mutumin da jam'i ba ya wuce shi ya koma yin sallah shi kaɗai a falo. Ga kunyar suruka, in matata ta fito ya shige ɗaki, in ya fito ita ta shige, haka suke yini. Ran nan bayan mun ci tuwo ya ce in duba masa tikitin komawa, sunan jariri ai ko ta waya a raɗa. Maganar nan ta tsaya mini a rai ƙwarai.

Sai dabara ta faɗo mini: in haɗa masa keke mai lantarki, ya riƙa kai kansa masallaci. Na roƙe shi ya ba ni wata ɗaya kafin maganar tikiti, ban gaya masa dalili ba, wai ni ba-zata zan yi masa. A nan na tafka kuskuren. Na samo tsohon keken hawa tsauni, na shiga intanet ina karanta abin da samarin nan masu tsere ke yabawa. Na zaɓi injin wat dubu ɗaya da ɗari biyar, irin wanda ake sa wa a cikin tayar baya. Batir na ɗauko mai bolt hamsin da biyu, ƙato, na ɗaure shi a kan kariya, wurin ɗora kaya na baya. Kwantirola, wato ɗan akwatin da ke auna yawan wutar da za ta fita daga batir zuwa inji, na zaɓi mai sakin amp arba'in. Na sa totur irin na babur, giya kuma na canja ta zuwa ta gudu, babban faifan haƙora a gaba, ƙarami a baya. Da na gwada shi a bayan gida iska na kaɗa mini riga, sai da na yi wa kaina kirari.

Ranar wata Asabar da hantsi na fito da shi filin ajiye motoci, na kira Baba, matata ma ta fito da wayarta za ta ɗauki bidiyo. Fuskarsa ta washe da ya ga keke, rabon da in ga haƙoransa haka tun a filin jirgi. Ya tattare jallabiya, ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya tsallake sandar tsakiya. Ina cikin zuba masa bayanin bolt da amp ya ce shi da ya hau keke tun ba a haife ni ba, me zan koya masa. Ya ɗan murɗa totur. Keken nan ya zabura, nauyin batir ya rinjaya baya, tayar gaba ta ɗaga sama, sai ga Baba a kan ciyawa, hula can, takalmi can. Allah ya tsare, ko ƙwarzane bai yi ba. Amma ya faɗi a gaban surukarsa, kuma na san wannan ya fi masa ciwo da karaya. Ya tashi ya karkaɗe jiki, ya ɗauki hularsa ya shige gida. Ni kuwa na tsaya riƙe da keke, kunya da tsoro sun rufe ni.

Matata ce ta farkar da ni. Ta goge bidiyon a gabana, sannan ta ce ta ga na tambayi duk mutanen intanet, amma ba ta ga ranar da na tambayi mai hawan keken ba. Washegari na shiga ɗakinsa na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce ya gaya mini irin keken da yake so. Yana jan carbi ya ce, “Kai babur ka haɗa mini. Ni ba ɗauka ta nake so a yi ba, ƙafafuna suna aiki. Wanda zai ɗan tura ni a wurin hawan nan kawai nake nema.”

Daga ranar aikin ya zama namu mu biyu, kuma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsa ba. Muka samo keke marar sandar tsakiya. Da farko ya ce wannan ai na mata ne, da ya ga jallabiya ta wuce ba tattarewa sai ya ce masu shi sun yi hankali. Na sauko da inji zuwa wat ɗari biyu da hamsin, mai ƙananan giya a cikinsa, wanda ba shi da gudu amma yana da ƙarfin jan hawa. Batir na koma bolt talatin da shida, marar nauyi, muka ɗaure shi ƙasa a tsakiya don kada ya rinjayi keken. Kwantirola na sa mai amp goma sha biyar, na saita shi ya riƙa sakin wuta a hankali. Totur kuwa Baba ya ce in cire shi ya daina ganinsa, sai na sa na'urar da ba ta kunna inji sai an taka feda. Maganar giya shi ya karɓe ta gaba ɗaya. Ya sa tabarau ya ƙirga haƙoran faifan baya da yatsa, ya ce a ƙaro masu yawa, gwiwa ba ta son taurin feda. Shi ya tuna da murfin sarƙa saboda bakin riga, abin da ko a mafarki bai zo mini ba. Yana miƙo mini sifana yana tsokanata, wai injiniyan da bai san ɗaure birki ba. Har matata ta saki jiki tana kawo mana shayi, yana sa ta alƙalanci tsakaninmu.

Ranar gwaji na biyu ya ɗora hular kwano a kan hularsa, ya yi bismillah ya taka. Na bi shi a mota a hankali ta ƙananan titunan unguwa. Da ya iso hawan sai na ga bayansa ya miƙe, yana takawa cikin natsuwa, ganyayen kaka na tashi a gefen taya. Ya kai ƙarshe ya ɗaga mini hannu ɗaya ko waiwayowa bai yi ba. A cikin motar nan ni kaɗai na yi dariya har da hawaye.

Kafin sati biyu ya san kowa a masallaci, da Alhazan Nijar da mutanen Gana, har shagon da ake sayar da garin masara ya gano da kansa. Da watan da na roƙa ya cika, na daure na tambaye shi maganar tikiti. Ya dube ni kamar na yi saɓo ya ce, “Wane tikiti kuma? An ba ni kiran sallar azahar, wa zan bar wa?” Yana nan aka haifi ɗiyata, shi ya yi mata huɗuba, ranar suna kuma a kan kekensa ya je ya gayyato abokansa.

Har yau in na tuna faɗuwar nan jikina yana sanyi, domin da a kan kwalta ya faɗi, da wani labarin nake ba ku, kuma da hannuna na haɗa abin. Na gane cewa ban gina keken farko don Baba ba, na gina shi ne don a ce ɗansa gwani ne. Ina jan kunnen duk mai niyyar haɗa wa wani irin wannan keke, musamman tsoho: kada girman inji da yawan bolt su ruɗe ka. Dubi nauyinsa, da gwiwarsa, da tufafin da yake sawa, da hanyar da zai bi. Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, je ka zauna a gabansa ka tambaye shi abin da yake so, ka kuma yi shiru har ya gama magana.