Ɗaurin da Kaka Ba Ta Zaɓa Ba

A Ƙofar Ran, cikin garin Bauchi, na tashi, a hannun kakata. Ƙuli-ƙuli take yi. Da an sallame magariba sai ta hura murhu a tsakar gida, mu zagaye ta, ni da yayata Ladi da 'ya'yan maƙwabta. Wuta na lasar kasko, man gyaɗa na ƙamshi. Wanda ya zauna shiru ya samu gutsure. Tatsuniyoyinta da yawa, amma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya har yau.

"Ku matso, ga ta ta iso," in ji ta.

Wai wata mata ce ruwa ya ci garinsu. Mai fito ya ce ƙunshi ɗaya kowa zai shiga jirgi da shi, kuma kada ya fi faifai faɗi. Ita kuwa ga kaya cike da ɗaki. Sai masu ɗauri uku suka zo. Zomo ya ce zai ɗaure kafin ta ƙifta ido, amma ƙunshinsa sako-sako ne. Kunkuru ya ce zai matse ɗakin duka ya koma kamar dunƙulen hannu, amma sai ta jira, ruwa kuwa ya kai gwiwa. Gizo ya ce yana da sauri yana da matsi, sai dai ƙullinsa shi kaɗai ke kwancewa.

Nan Kaka take tsayawa ta juya ƙuli. "To, wa za ta ba?"

In muka ce Zomo, mai fito ya ƙi ƙunshin. In muka ce Kunkuru, ruwa ya tafi da ita. In muka ce Gizo, ta haye lafiya, ta tsufa tana kallon ƙulli.

"Kaka, to wanne ne daidai?"

"Ni na sani? Ina wurin ne?"

Ran nan Ladi ta ce, "Me ya hana ta rage kayan?"

Kaka ta tsaya da cokali a hannu. Ta daɗe a haka har ƙuli ya ƙone. Sannan ta ce, "Ja'ira. Ku tashi, hayaƙi ya dame ni." Ba ta ƙara ba mu tatsuniyar ba.

Na girma ina ɗaurin kaya a kan manyan motoci a kasuwar Muda Lawal. Igiya na sani, ban san biro ba. Matata Hajara ta rasu ta bar mini 'ya ɗaya, Asma'u, mai shagon buga takardu a Gwallaga.

Bara maƙwabcina ya ce katangata ta shiga filinsa. Mai unguwa ya ce in kawo takardar gida. Na buɗe akwati, gara ta cinye ta. Asma'u ta ce ta taɓa ɗaukar hoton takardar a tsohuwar kwamfutar shago. Muka je da hantsi, muka tarar kwamfutar tana ciwon ajali. Cikinta na ƙas-ƙas kamar ɓera a rumbu. Ba ta nuna hoto, sai baƙin allo da farin rubutu.

"Baba, takardarka na cikin dubban takardun mutane, duk lamba ce sunansu. A wannan allon ba zan gane ta ba. Sai mun kwashe duka."

"To kwashe."

"Filas ɗin da za mu zuba su ciki ya yi kaɗan. Sai an matse su."

Na dubi abin, bai kai ɗan yatsana ba. Na ce yaya ake matse abin da hannu ba ya taɓawa? Ta ce manhajoji uku take da su, duk kyauta ne, umarni kawai za ta rubuta. Ɗaya gzip, tsoho ne, yana da sauri, ko'ina ana buɗe shi, amma matsinsa kaɗan. Ɗaya xz, yana matsewa sosai, amma zai ci awoyi. Na ukun ban riƙe sunansa ba, yana da sauri da matsi, amma ba kowace kwamfuta ke kwance shi ba.

Na tuna masu ɗaurin Kaka. Har ƙamshin man gyaɗa na ji.

"Takardarka ce, Baba. Zaɓi."

"Me ke ciki ban da takardu?"

Ta ce, "Bidiyon bikina. Umma na ciki, tana dariya. Shi ba ya matsuwa, kuma shi ya cika wurin."

"In an bar shi, na farkon zai isa?"

"Zai isa."

Ƙas-ƙas ɗin na ƙaruwa. Na ce, "Bar shi. Zan sayo wani filas."

Ta rubuta layi ɗaya ta danna. Na tari keke zuwa kasuwa. Kafin in dawo ta gama kwashe takardun, kwamfutar kuma ta yi shiru. Mai gyara ya duba, ya ce sai haƙuri, ta mutu da bidiyon a ciki.

Takardar ta fito. Katangata na nan tsaye inda take.

Na ba Ladi labari. Ta ce ashe ban sani ba, Kaka daga daji ta zo Bauchi, shekarar da shanunsu suka mutu, da ƙwarya ɗaya a ka da babanmu a baya. Ba ta taɓa faɗa wa kowa abin da ta bari a can ba.

Ni dai ban san ko na yi daidai ba. Shekara da shekaru ina tsammanin tatsuniyar masu ɗauri ce. Yanzu na fi zaton matar ta haye, ta kuma rage kayan, shi ya sa mai ba da labarin ba ta iya kai shi ƙarshe. In na zauna a gindin katangar nan bayan magariba, nakan yi ƙoƙarin tuno yadda Hajara take dariya. Wani lokaci ta zo, wani lokaci hayaƙin maƙwabta kawai ke damuna.