Hatimin Malam Ezekiel

Malam Ezekiel mutumin Kafanchan ne. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da lissafi a wata sakandare a Tarauni. Ya yi ritaya, matarsa Rahila ta rasu, 'ya'ya suka watse Jos da Abuja, aka bar shi a ciki da falo a Gyadi-Gyadi, daga shi sai wata kwamfuta da ta ga jiya ta ga yau. Ni Bello tela, shagona yana jikin gidan. Wallahi sai a kwana uku ban ji muryarsa ba, sai tari.

Abin da ya sa a gaba shi ne lambobin da ba sa rabuwa: biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, waɗanda in ba ɗaya ko su kansu ba, ba mai raba su daidai. Ya koya wa kansa rubuta wa kwamfuta wani umarni, wai shader ake ce masa. Sai ya jera lambobi suna naɗewa daga tsakiyar fuskar kwamfutar kamar gammo, kowace lamba da ɗigonta, kowane ɗigo ya tambayi kansa a lokaci guda: lambata tana rabuwa? Wanda tasa ba ta rabuwa ya kama haske. Kan ka ce me, layuka sun fito a karkace, ba wanda ya zana su. Burinsa ɗaya ne tak, ya samu wanda zai zauna kusa da shi ya yi mamakin abin tare da shi.

Ni ya fara nuna wa, ranar da na kai masa wandon da na rage. Na ga gidaje-gidaje da lambobi a ciki. Bakin nan nawa da bai iya shiru ba, ina komawa shago na ce wa 'yan zaman benci, "Ashe Malam hatimi yake bugawa da kwamfuta, irin na malaman duba!" Wasa nake, Allah ya sani. Amma ka san mutanenmu.

Kafin sati, takalma sun cika ƙofarsa. Masu adaidaita, 'yan kasuwar Tarauni, har da 'yan cocinsu masu shigowa suna waige-waige. Shi kuwa bawan Allah murna kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Ya fito da kofunan Rahila, yana dafa shayi, yana bayani, suna gyaɗa kai suna jiran ya iso kan matsalarsu. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai a makonnin nan. Na so in faɗa masa gaskiya, tsoro ya hana ni.

Wata Laraba da hantsi ina falonsa, Inna Indo mai ƙosai ta durƙusa a gabansa. Ɗanta Inuwa direban tirela ne, wata bakwai ba waya ba labari. Ta miƙa masa 'yar takarda.

"Malam, ga lambar motarsa. A duba min ko za ta kama haske."

Ya dubi takardar, ya dubi jama'a, ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Nan ya gane. Da ya danna lambar kawai ya ce wani abu, da falon nan bai sake zama wayam ba.

Ya ce, "Inna, wannan ba ya duba komai. Lissafi ne kawai. Ban san inda ɗanki yake ba, ki yi haƙuri." Ya juya ga sauran. "Duk abin da ke kawo ku ke nan?"

Aka shiga neman takalma.

Washegari kunya ta kai ni wurinsa. Na ba shi haƙuri, na ce ya sake nuna min, wannan karon zan saurara. Ya daɗe yana kallona.

"Bello, ba sai ka yi ba. Je ka, ɗinki na jiranka."

Abin da ke ci min rai har yau, na tafi ɗin.