Hermina da Bindigar Imrich

Yayata Hermina ta shekara talatin tana raba wasiƙu a kan keke, daga ƙauyenmu har gidajen da ke maƙale a gindin duwatsun Tatra, kuma ta fi haka daɗewa tana waƙa a coci. Mace ce da za ka yi mata magana ta amsa, alhali hankalinta na can wata duniya. Tun muna yara haka take. A aike ta ɗebo madara, sai a tarar da ita tsaye a bakin rafi tana kallon ruwa, kwano a hannu ba komai a ciki. Ni kuwa, Klara, Allah bai ba ni wannan sanyin ba, shi ya sa muka yi ta faɗa har muka tsufa.

Mijinta Imrich ma'aikacin gandun daji ne, kuma maharbi. Bindigarsa tana kulle a akwatin ƙarfe a bakin ƙofa, Hermina ko kallon akwatin ba ta son yi. Da ya rasu a ƙarshen sanyi, 'yan sanda suka zo cikin ladabi suka ɗauke bindigar. Suka ce in ba a sami mai lasisi a gidan ba kafin kaka ta wuce, za a sayar da ita ko a yanka ta. Na ce to madalla, an huta. Bayan kwana uku Hermina ta ce in kai ta ajin koyon harbi.

"Ke? Ke da ko kaza sai maƙwabci ya yanka miki?"

"Ba abin da zan harba. So nake ta dawo gida."

"Ƙarfe ne fa da itace, Hermina."

"Na sani. Ki tayar da motar."

Haka muka shiga zarya kowace Asabar da safe zuwa wani tsohon wurin fasa dutse a bayan gari, inda aka yi filin harbi. Malamin, Pan Vendel (a yarenmu Pan shi ne Malam, Pani kuma Malama), tsohon maharbi ne da kunnensa ɗaya ya mutu, saboda haka komai da ihu yake faɗinsa. Ɗalibansa samari shida ne, sai yayata mai shekara sittin da ɗaya. Ta iya kwance bindigar koyo ta goge ta mayar. Ta haddace dokoki tsaf: bakin bindiga ba ya kallon mutum, yatsa ba ya zuwa kan kunama sai an shirya. Amma da zarar ta kwanta a kan tabarma ta yi saiti, sai harsashi ya tafi yawonsa. Sama, ƙasa, gefe, ko'ina ban da baƙin ɗigon da ke tsakiyar takarda.

Ni ina cikin mota da shayi da burodi da cukun tumaki, ina kallo ina cin rai. A irin safiyar nan gajimare kan sauko har cikin ramin dutsen, ya lulluɓe ƙafafun mutane, sai ka ga kamar ba a ƙasa suke tsaye ba. A hanyar komawa Hermina takan ce ɗigon nan ba ya tsayawa wuri ɗaya, lilo yake yi a hankali, kuma in ta daɗe tana kallonsa sai ta ji kamar Imrich na yin fito da baki a cikin itatuwa. Nakan ce mata ta bar sauraren fito ta buɗe ido, lokaci na tafiya.

Saura Asabar uku jarrabawa Pan Vendel ya durƙusa kusa da ita, ya bar kallon takarda ya koma kallon bayanta.

"Pani Hermina! Me kike yi kafin ki ja kunama?"

"Ina cika ƙirjina."

"Wa ya aike ki?"

"Ai haka ake yi kafin a ɗauki baiti."

Ya dafe kai. Ashe shekara arba'in na waƙar coci ne ke harbin, ba ita ba. Duk sanda abu mai muhimmanci ya tunkaro ta, sai ta ja iska ta cika ƙirji ta riƙe, kafaɗa ta ɗaga, bindiga ta bi kafaɗa. Ya ce ta saki numfashin. Ta gwada sau biyar, jikinta ya ƙi.

"To rera mini Amin," in ji shi. "Ta ƙarshen nan, mai tsawo."

Samarin suka fara dariya, ɗaya ya ce, "Pan Vendel, mu ma mu cire hula kamar a coci?" Hermina ba ta kula su ba. Tana kwance rub-da-ciki, bindiga a kafaɗa, ta ɗauki Amin ɗin. Muryar ta tafi ta bugi bangon dutse ta dawo, ta yi ta sirancewa har ta ƙare. Babu wanda ya sake dariya.

"Kin ji wurin nan?" Karo na farko ke nan da na ji Pan Vendel ya yi magana a hankali. "Murya ta ƙare, ba ki ja sabon numfashi ba tukuna. A nan ake harbi."

"Ai na san wurin," ta ce. "Tun da Imrich ya tafi a cikinsa nake zaune."

Ta ja kunama. Harsashin ya shiga gefen baƙin ɗigon.

Ranar jarrabawa na hango leɓunanta suna motsi kafin kowane harbi. Ta ci, da ƙyar dai, amma ta ci. Da lasisin ya fito muka tafi ofishin 'yan sanda, Pan Vendel ya raka mu. Aka fito da bindigar, da 'yar takarda ɗaure a jikinta. Hermina ta juya bakin bindigar ga bango, ta buɗe ta duba babu harsashi, kamar yadda aka koya mata. Sannan ta ɗora ta a kafaɗa.

"Ta yi miki tsawo!" in ji Pan Vendel. "Marigayin dogo ne. A rage gindin da faɗin yatsa biyu, ta zauna miki daidai."

A jikin itacen akwai wani wuri da ya yi duhu ya yi santsi, inda kuncin Imrich ya shekara da shekaru yana kwanciya. Sai da ta miƙa wuya sosai kafin nata kuncin ya kai wurin. Ta kwantar da shi, ta lumshe ido, ta tsaya a haka. Ɗan sandan na riƙe da biro yana jiran ta sa hannu, bai ce mata ta yi sauri ba.

"Kada a rage komai," ta ce, idonta a rufe.

Ni da na ce ƙarfe ne da itace, ban iya tsayawa ba. Na fita na shiga mota na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa.