Malama Sailuba, Mai Shirya 'Ya'yan Matafiya

Masu sayar da koko a bakin lungunmu na Kusfa sun san lokacin wucewar Malama Sailuba. Da safe takan fito da mayafinta mai ruwan toka, jaka a hammata, tana gaisawa da mutane ba tare da ta rage sauri ba, har ta isa firamaren da take koyarwa a wajen Ƙofar Kuyambana. Bayan azahar ta dawo, ta ci abinci, ta ɗan kishingiɗa. Da an yi la'asar kuma sai a shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanta, wata makarantar ta buɗe, wadda ofishin ilimi bai san da zamanta ba. Ɗalibanta na yamma su ne yaran da iyayensu ke shirin tafiya da su ƙasar waje.

A ƙarshen zangon nan Malama za ta ajiye alli, bayan shekara talatin da ɗoriya tana koyarwa. Za a yi mata walima a makaranta, a yaba aikinta na aji, kuma ta cancanta. Ni dai labarin makarantar yamman nake so in bayar.

Zariya gari ne na masu tafiya ƙaro ilimi. Kowace shekara sai ka ji wani malamin jami'a ko ma'aikacin gwamnati zai tafi Ingila, ko Misira, ko Indiya, ya yi shekara biyu ko uku tare da iyalinsa. Uba na fama da fasfo da biza, uwa na ƙulla kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Yara kuwa ba mai tambayarsu komai, sai dai ranar tafiya a sa musu sababbin kaya a ce su shiga mota.

Malama ta san abin da hakan ke haifarwa, domin a gidanta ya faru. A farkon shekarun saba'in ta bi mijinta, marigayi Malam Ɗanjuma, zuwa Ingila, da ɗansu Jibril yana da shekara bakwai. Yaron ya yi watanni bai buɗe baki a aji ba. Da ya saba, ya yi abokai, sai lokacin dawowa ya yi. A nan kuma aka mayar da shi baya da aji guda, yara suna yi wa Hausarsa dariya. Ta taɓa ce mini, "Sau biyu yaron nan ya zama baƙo, Malam Kabir. Can baƙo, nan baƙo. Shi ya sa na ce in dai na ji labarin tafiya, ba zan bari a kwashi yaro kamar kaya ba."

Abin da take koya musu ba shi cikin manhaja. Yadda yaro zai ɗaga hannu ya nemi izinin zagawa da Turanci. Yadda zai ce ba ya cin naman alade ba tare da ya ji kunya ko ya ɓata wa kowa ba. Sunan titinsu na can, sai ya haddace shi kamar karatun allo. Tana da wata tsohuwar rigar sanyi ta Jibril, mai nauyi kamar bargo. A tsakiyar zafin bazara za ta sa yaro ya saka ta, ya ja zif da kansa, sauran suna ta dariya. Iyaye mata kuma takan zaunar da su daban, ta gaya musu yadda rana ke faɗuwa da wuri a can lokacin sanyi, har la'asar da magariba su kusa haɗuwa, kada su ruɗe.

Wanda na gani da idona shi ne na gidanmu. A shekarar 1987 yayana, Malam Labaran, likitan dabbobi, ya samu gurbin karatu na shekara uku a Sikotlan. Ya shirya tafiya da matarsa Mariyamu da 'ya'yansu biyu, Nana mai shekara goma da ƙanenta Mustapha. Sai mahaifiyarmu, Iya, ta ce ba ta yarda ba.

"Kai ka tafi, Allah ya ba da sa'a," in ji ta. "Matarka ta bi ka in tana so. Jikokina kuwa ba inda za su."

Mariyamu ta ce ita ba za ta tsallake teku ta bar 'ya'yanta ba. Yaya Labaran kuma bai taɓa ƙetare maganar Iya ba. Ya zo ya same ni a zaure, ya ce yana tunanin ya haƙura da karatun gaba ɗaya. Shekaru ya yi yana neman gurbin nan. Gidan ya yi tsit, kowa na cin abinci a ɗakinsa.

Malama Sailuba ce ke koyar da ajin su Nana. Ta lura yarinyar ta daina ɗaga hannu, ta tambaye ta, ta ji abin da ake ciki. Da yamma sai ga ta da sallama. Ta durƙusa ta gaishe da Iya, aka kawo mata ruwa, suka taɓa hirar damina. Ina zaune a bakin ƙofa.

Can ta ce, "Iya, ban zo in roƙe ki ba. Na zo in ji abin da kike tsoro."

Iya ta murza carbinta. Sannan ta ce, "Sailuba, ke ma uwa ce. Kada a dawo mini da yaran da zan yi wa magana su juya su kalli uwarsu ta fassara. Nana ta yi nisa a allo, wa zai riƙa biya mata? Kuma ni ba yarinya ba ce. In suka manta muryata fa?"

"Tsoronki gaskiya ne," in ji Malama. "Na gan shi a ɗana. Ba zan ce miki ba ya faruwa ba. Amma lokacin ba wanda ya shirya mu. Waɗannan za mu shirya su, kuma da ke za a yi."

Washegari ta dawo da rediyonta mai kaset, ta ajiye a gaban Iya, ta ce ta yi wa jikokinta magana.

"Ni in zauna ina zance da akwati?" in ji Iya.

"Ba da akwati ba, da Nana. Rufe ido ki ɗauka tana gabanki."

Da farko gaisuwa kawai Iya ta iya, tana yi tana gyara mayafi kamar mai baƙo. Da aka mayar mata da muryarta ta ji, sai ta kama baki, ta ce, "Ashe haka nake da faɗa?" Ranar ce aka fara dariya a gidan tun da maganar tafiya ta taso. Kafin mako ya zagayo ta cika kaset da tatsuniyoyi, da addu'ar kwanciya barci, da sunayen dangi gida gida har na unguwar Gyallesu. Malama ta je wurin malamin allon yaran, suka tsara inda za su ci gaba, ta ɗora wa Yaya Labaran nauyin biya musu kowace asuba. Ta kuma je wurin hedimasta ta karɓi alƙawarin cewa in sun dawo za a gwada su kafin a yanke musu aji.

Iya ce da kanta ta kira ɗanta. Ta ce, "Ku tafi da su. Amma a cikin gida Hausa za a yi. Kuma duk mai zuwa, su aiko mini da tasu muryar."

Ana saura kwanaki su tashi, Nana ta tambayi Malama ko za ta ji daɗin can. Malama ba ta ruɗe ta ba. Ta ce, "Makon farko za ki yi kuka. Na biyu ma wataƙila. Ki yi abinki, ba laifi ba ne. Amma ki duba a aji, akwai wata yarinya da ita ma ba ta da abokiyar zama. Ki je ki zauna kusa da ita."

Ke ce, Malama, kika gane cewa yaro ma yana da nasa ƙullin da ba a gani a akwati. Ke ce uwar 'ya'yan matafiya, mai raka yaro tun kafin ya bar ƙofar gida. Ba ki taɓa ce wa kowa kada ya tafi ba, ba ki kuma taɓa ce wa kowa tafiya ba ta da ciwo ba.

A 1990 suka dawo. Nana ta durƙusa ta gaishe da Iya tiryan-tiryan, har da tambayar ƙafarta da ke ciwo, don ta ji ƙorafin a kaset. Mustapha kuwa Hausarsa ta ɗan karkace, yana cusa Turanci a tsakiya. Iya ta ja kunnensa a hankali, ta ce, "Wannan mai sauƙi ne, ni zan miƙe shi." Ranar da ya koma makaranta, kafin yara su fara tsokana, Malama ta tsayar da shi gaban aji ta ce ya ba su labarin yadda ƙanƙara ke rufe titi har mota ta kasa wucewa. Da aka tashi tara, rububin zama kusa da shi ake yi. Ba a mayar da ko ɗayansu baya ba.

Irin wannan labari akwai shi a gidaje da dama a cikin birni, daga Kusfa har Ƙofar Kuyambana. Wasu yaran yanzu suna jami'a, ba su ma san hannunta ya taɓa tafiyarsu ba.

Mun gode, Malama Sailuba. Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya ƙara lafiya, ya jiƙan Malam Ɗanjuma. Ku kuma da kuka je kuka dawo, kuna da yawa a garin nan. In kun ji maƙwabci na shirin tafiya da yara, kada ku tsaya ga yi masa fatan sauka lafiya kawai. Ku shiga gidan, ku zauna da yaran, ku tambaye su abin da ke ransu.

Da na je na gaya wa Malama zan yi wannan rubutu, ba ta nuna wani ɗoki ba. Ta ce, "To, tun da kana hulɗa da 'yan jarida, bincika mini yanayin Malesiya. Akwai yara uku da za su zo mini jibi, kuma ban san ko ana sanyi a can ba."