Irin Kuɓewar Gambo

Ni dai har gobe in na ji ƙamshin gawayi sai unguwar Jaradiya ta Riyad ta faɗo mini a rai. A can muka tashi, a wani tsohon gida mai matsattsen bene. Baba direba ne a unguwar Ulaya, ba ya shigowa sai wajen isha'i, don haka in sanyi ya zo, bayan magariba lokacinmu ne, ni da ƙanena Usama da kakarmu Hajiya Ladi. Sai ta tasa mu gaba zuwa saman bene, ta hura gawayi a kasko, ta ɗora butar shayi, ta ƙudundune cikin bargo.

Usama Larabci ya fi zama a bakinsa. Sai ya ce, "Yalla ya jadda, ƙissa!"

"Ka ji ɗan banza," in ji ta. "Ka ce Kaka a ba mu labari, ko in shanye shayina in sauka."

Sai ya faɗa a karkace, mu yi ta dariya, sannan ta gyara zama ta ce, "To ga shi nan ya taho muku." Mu ce ya iso lafiya.

Kusan kullum labarin kakanta Gambo ne, manomi a wani ƙauye wajen Kazaure. Da damina yana gona, gero da gyaɗa da kuɓewa. Da an yi girbi kuwa ba ya iya zama. Ya saƙa tabarma, ya sayar da kanwa da gishiri, ya yi gyaran fitila, ya kai man gyaɗar matarsa kasuwanni a bayan jaki. Aski ne kaɗai ya gagare shi. Mutum ɗaya ya taɓa yi wa, shi ma da rabin kai ya tashi ya gudu.

Amma abin alfaharin Gambo kuɓewarsa ce, doguwa mai jan kai. Irinta Kaka ta zo da shi Riyad a ƙulle a bakin zane, tana shukawa a bokitan fenti guda shida a jikin katangar bene. Kowace shekara takan bar manyan su ƙosa su bushe, ta ɗaure da tsumma ta rataye bayan ƙofar kicin. Wannan damin kaɗai na sani ya rage mana daga gonar Gambo.

To ni ce na cinye shi. Ina shekara goma sha ɗaya, ranar Mama ba ta jin daɗi, na ce ni zan yi miyar busasshiyar kuɓewa. Na tarar gwangwanin garin kuɓewa ba komai, na ɗaga kai na ga dami a rataye. Kuɓewa ai kuɓewa ce! Na kakkarya na zuba a injin markaɗe, har ina jin kaina wata gwana.

Miya ta ƙi yauƙi, sai tsinke-tsinke kamar an daka tsintsiya. Kaka ta kai loma ɗaya, ta tashi ta leƙa bayan ƙofa, ta dawo ta zauna.

"Maryama, kin ciyar da mu gonar kakanki."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi kuka har da majina. Washegari da magariba na ƙi hawa bene, sai ta aiko Usama ya jawo ni.

"Zauna, ƙawata, akwai inda ban taɓa ba ku ba," ta ce. "Gambo duk garin da ya sauka da kayansa, sai ya bar wa mai masaukinsa ɗan ƙullin irin nan. Matarsa ta yi ta faɗa, wai yana rabar da abin da ya fi kowa da shi. Wata shekara gobara ta tashi a ɗakin girki, inda iri yake rataye, ya ƙone ƙurmus. Mata na salati, shi kuwa yana ɗaura wa jaki mangala. Kwana tara ya yi yana bin masaukansa. Ya dawo da irin da ya ninka wanda ya ƙone, har da kaza biyu."

Na share hawaye na ce, "To mu ina za mu samu jaki?"

Ta tuntsire da dariya har tana tari. "Ga ubanki nan!"

Ranar Juma'a bayan an sauko, Baba ya kai mu unguwar Utaiƙa, gidan wata ƙawarta 'yar Maraɗi, Hajiya Zali. Ashe shekara huɗu da suka wuce Kaka ta ba ta ƙulli ɗaya. Da ta ji abin da na yi, ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, har da miya?" Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madara, ta girgiza shi a kunnena. Cike yake da iri. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba. A mota na rungume shi a ƙirji, Usama na roƙon in ba shi ya taɓa, na hana.

Da zafi ya shigo, da hannuna Kaka ta sa na shuka bokitan nan shida.

Ta rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya jiƙanta. A da na ɗauka darasin shi ne kada a taɓa abin da ke bayan ƙofa. Sai da na girma na gane ba a bayan ƙofa ta ajiye irin Gambo ba, kamar yadda ba a cikinta ta bar labarinsa ba. Ni ma yanzu na ba maƙwabciyata ƙulli, na ba wani ɗalibi da zai koma Sakkwato.

Kwanan baya Usama ya kira ni, ya fara zuba Larabci, wai ƙwari sun cinye masa nasa irin. Na ce ban ji ba, ya faɗa yadda Kaka za ta ji.

Sai ya ce, "Yaya, a ba ni irin Gambo."

Da safe na aika masa.