A bar sandar Mushe Isuhu a tsaye

Ina dama koko da safen nan aka kira ni, Mushe (wato Malam) Isuhu ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ɗazu nake ganin ana rubuta "masanin hasashen iska". Don Allah ku daina. Bai taɓa yin hasashe ba. Kuskuren masu hasashen yake aunawa. Za a ce gobe iska za ta juya injin wuta da ƙarfi kaza, goben ta zo ta yi abin da ta ga dama. Wannan tazarar yake lissafawa, don masu rarraba wuta su san abin da za su tanada, kada firigon sanyaya allurai ya mutu a asibitin ƙauye.

Biro ɗaya muke a jami'a, wato ofis ɗaya, ni adabi, shi lissafi. In na shigo da faɗa sai ya turo min shayi, ya ce, "Hajiya Rabi, sha tukuna, sannan ki kashe su."

Ranakun da komai ya tafi daidai ba su dame shi ba. Ranar da hadari ya taso, iska ta wuce kima, injin ya tsaya cak, ita yake bibiya.

Makon jiya na je duba shi a Zango. Ya ce, "Likita ya ce da sauƙi. Na tambaye shi sau nawa yake faɗin haka bai dace ba, ya ɓata rai."

Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya ce, "Sandata fa?"

Doguwar sandar ƙarfe ce da ya kafa a wata gona kusa da Zermu, shekaru tana auna iska. A taron sashe an yanke a cire ta ƙarshen wata, wai har yau ba a kafa injin wutar a wurin ba. Ya gaya musu ranar da aka kafa za a nemi iskar shekarun baya, kuma ba ta dawowa a auna ta.

Waɗanda suka ɗaga hannu ran nan a cire ta, yau su ne kan gaba wajen sa hotonsa. Na gan ku.

Na ce masa tana nan. Ina so maganar ta zauna gaskiya.

Allah Ya gafarta maka, Mushe, Ya haskaka makwancinka, Ya ba iyalinka haƙuri. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Wanda kuma ya ɗaga hannu, ya yi addu'ar, sannan ya sauke hannun.