Munzali da Irin Shinkafar Zauro

Munzali mijin ɗiyata Baiwa ne. Ban so yin maganarsa ba, don tsakanin mutum da surukinsa akwai kunya. Amma an dame ni da tambayar abin da ya sa na karɓe gonar da na ba shi, to bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Ɗan Argungu ne, gidansu masunta. Ubansa siriri ne kamar sandar kiwo, amma da idona na gan shi ya fito da giwan ruwa shi kaɗai, kuma abincinsa bai wuce tuwo da kifi da fura ba. Munzali ya taɓa kamun kifi kaɗan, ya ce ruwa na ɓata masa fata, ya dawo Birnin Kebbi yana kabu-kabu. Nan ya ga Baiwa, anka ɗaura aure. Lokacin ban ga aibinsa ba. Yana gaisuwa, yana salla.

Shekara ta biyu na yanka masa wani yanki na fadamata a Zauro, na haɗa masa da buhu biyu na iri. Irin nan ba na kasuwa ba ne. Ni ke shiga gona in zaɓe shi zangarniya-zangarniya kafin a yanke saura, yadda ubana ya koya mini. Gidanmu ba a taɓa iri. Shekarar da ruwa ya cinye gonaki, rama munka ci da ƙuli har wata uku, iri na cikin rumbu.

Sai Munzali ya fara zuwa wani shago inda samari ke ɗaga ƙarfe gaban madubi. Mai shagon, wani Musaddiq, yana sayar da gari cikin roba mai hoton ƙato, wai furotin, mai gina jiki. Baiwa ta ce roba guda ta fi buhun shinkafa tsada, kuma ba ta kai wata. Uwarsa ta aiko da bandar kifi daga Argungu, ya ture, wai ba a rubuta abin da ke ciki ba. Rigunansa duk ya yanke musu hannu.

Lokacin noman rani ya zo. Kowa ya yi renon iri, an fara shirin dashe, yankin Munzali ko ruwa bai gani ba. Na tambayi Baiwa, ta sunkuyar da kai. Na jira kwana uku ko zai zo da ƙafarsa. Bai zo ba, na bi shi shagon.

Ya aje ƙarfe yana haki. "Baba, lafiya? Da ka aiko ai na taho."

Na ce, "Ina iri?"

"Baba, iri ai ana samu kasuwa. Jiki kau sai an gina shi."

"Ka sai da shi ke nan."

Ya juya ya ɗauki ƙarfensa. Musaddiq ya dama garin a kofi ya miƙo mini yana dariya. "Baba tsoho, kurɓa ka koma saurayi, Inna ta rasa gane ka!"

Na kurɓa. Madarar jinjirai ce da sukari, ba wani abu ba. Na miƙa masa kofinsa. Na ce wa Munzali gobe ina dashe, shi zo shi yi mini aiki zuwa azahar, in ba shi daga renona shi dasa nasa kafin lokaci ya wuce. In bai kai azahar ba, gona ta dawo hannuna.

Ya murɗa dantse. "Azahar kawai, Baba?"

Washegari ya zo da gorarsa ta furotin yana girgizawa. Na sa shi layi ɗaya da Abu, maƙwabcina, wanda ya haura sittin kuma haƙoransa ba su kai goma ba. Sunka duƙa cikin laka. Hantsi bai ko dubi ludayi ba Munzali ya dafe ƙugu ya fita ya zauna.

Abu ya ce, "Ƙato, mi ya faru? Ko man ya ƙare?"

Munzali ya ce, "Yau ranar motsa ƙirji ce, ba ranar motsa baya ba."

Masu dashe sunka yi dariya har wani ya zauna cikin ruwa. Ni ban yi ba. Na tsaya har anka kira azahar, ko zai koma. Bai koma ba.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ƙirjinsa ya buɗe. Amma akwai wani mai dako da suke ɗaga ƙarfen tare, wake da ƙwai yake ci, kuma ya fi shi. Ko da garin furotin na aiki, ban ga aikin da ya kai a sai da iri saboda shi ba.

Na karɓe gona. Bayan kwana biyu Baiwa ta zo, ta durƙusa nesa.

"Baba, in ka hana shi, ni da jikanka ka hana."

Gaskiyarta ce. Na ce to, gona tata ce, ba tasa ba. Ita za ta nemi masu aiki, ita za ta tsaya kansu, kuma in an yi girbi irin zai kwana rumbuna. Ta yarda. Munka dasa mata da abin da ya rage a renona, ya rufe rabin yankin, rabi ya tafi a banza bana.

Munzali ya ce na ci mutuncinsa gaban talakawa. Tun ranar bai tako gidana ba. In munka haɗu a hanya sai ya ƙara wa babur wuta, ni kuma in matsa gefe in ba shi wuri.